Gubar Dalma da Ƙarancin Sinadarin Ƙarfe a Jikin Yaran Al'ummar Roma: Nazari a Kan Sansanonin Mitrovica, 1999 zuwa 2013

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi alaƙar da ke tsakanin gubar dalma da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jikin yaran al'ummar Roma da aka tsugunar a sansanonin 'yan gudun hijira na arewacin Kosovo. Matsayin da ta ɗauka shi ne, ƙarancin sinadarin ƙarfe yana ƙara yawan dalmar da hanjin yaro ke zuƙa, amma wurin da aka ajiye yaron shi ne babban abin da ke ƙayyade yawan gubar da za ta shiga jininsa. Saboda haka gyaran abinci da ba da magani suna cin nasara ne bayan an raba yaro da tushen gubar.

1.0 Gabatarwa

Roma al'umma ce da ke warwatse a ƙasashen Turai, kuma ba ta da wata dangantaka da birnin Rum na Italiya duk da kamannin suna. Kakanninsu sun fito ne daga arewa maso yammacin Indiya, harshensu na Romani kuwa ɗan'uwan harshen Hindi ne. Majalisar Turai mai mazauni a Strasbourg ta ƙiyasta yawansu tsakanin miliyan 10 zuwa 12, wato su ne ƙabila marar rinjaye mafi girma a nahiyar. Binciken da Hukumar Kare Haƙƙoƙi ta Tarayyar Turai ta fitar a 2016, wanda ya shafi ƙasashe tara, ya nuna kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka tattauna da su suna cikin haɗarin talauci, kashi 30 cikin ɗari kuma suna zaune a gidajen da babu ruwan famfo. Haka nan yaro ɗaya cikin uku yana cikin gidan da wani ya kwana da yunwa aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci binciken. Al'ummar da ke cikin wannan hali ita ce ake yawan turawa gefen bola da tsofaffin masana'antu, domin can ne filin da babu mai so.

Manufar maƙalar ita ce amsa tambaya ɗaya. Idan aka tarar da yaro mai dalma a jini, kuma jikinsa ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe, wanne daga cikin matsalolin biyu ya kamata hukuma ta fara tunkara, kuma wane nauyi ya dace a ɗora wa kowace a wajen bayanin cutar? Tambayar tana da amfani domin amsarta ce ke nuna inda alhaki yake: a kan tukunyar uwa ko a kan hukumar da ta zaɓi filin.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Tun a 1972 Six da Goyer suka nuna a gwajin ɓeraye cewa dabbar da ba ta samun isasshen sinadarin ƙarfe a abinci tana tara dalma a jiki fiye da wadda ke samu. Daga baya, a 1997, Gunshin da abokan aikinsa suka gano sunadarin jigila da a yau ake kira DMT1, wanda ke ɗaukar ƙarfe daga farkon ƙaramin hanji zuwa cikin jiki, suka kuma nuna yana iya ɗaukar wasu ma'adinai masu kama da shi, har da dalma. Wannan ya ba ra'ayin da ke fifita abinci ginshiƙi a ilimin halitta. A ɓangaren mutane, Wright da abokan aikinsa sun bibiyi ƙananan yara a wani asibitin birnin Boston, suka ruwaito a 2003 cewa waɗanda aka samu da ƙarancin ƙarfe a ziyara biyu a jere sun fi sauran haɗarin kamuwa da gubar dalma da kimanin ninki huɗu.

Ra'ayi na biyu, mai fifita wurin zama, ya fito ne daga ita kanta Kosovo, tun kafin yaƙin da ya ƙare a 1999. A tsakiyar shekarun 1980 masu bincike daga Jami'ar Columbia, cikinsu har da Graziano da Factor-Litvak da Wasserman, suka fara bin mata masu juna biyu da 'ya'yansu a Mitrovica, inda ake narka dalma, suna kwatanta su da na Pristina, inda babu masana'antar. A 1992 suka wallafa cewa dalma da ƙarancin jini irin na rashin ƙarfe kowanne yana rage ci gaban ƙwaƙwalwar yaro ɗan shekara biyu ta hanyarsa daban. Ma'anar wannan ita ce, ko da an warkar da ɗaya, ɗayan yana nan yana ɓarnarsa. Bayanan wannan bincike suna cikin guda bakwai da Lanphear da abokan aikinsa suka haɗa a 2005, masu ɗauke da yara 1,333. Sakamakon ya nuna hawan dalma daga maikrogiram 2.4 zuwa 10 a kowace desilita ta jini yana tafiya da asarar maki 3.9 a ma'aunin kaifin basira, daga 10 zuwa 20 kuma maki 1.9, daga 20 zuwa 30 maki 1.1. Wato ɓarnar ta fi tsanani tun a matakan farko.

Game da sansanonin kansu, akwai rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a Yunin 2009, da maƙalar Brown da abokan aikinta ta 2010 a mujallar kiwon lafiyar al'umma ta Turai, da kuma hukuncin Kwamitin Ba da Shawara kan Haƙƙin Ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2016. Giɓin da ke akwai shi ne, masu nazarin abinci sun fi tsayawa a kan hanji, masu nazarin haƙƙi kuma a kan fili, ba a cika auna hujjojin biyu a sikeli ɗaya ba.

3.0 Hanyar Bincike

An dogara ne ga rubutattun majiyoyi: maƙalun kimiyya, rahotannin hukumomi da takardun shari'a. An kasa hujjojin zuwa iri uku gwargwadon ƙarfinsu, wato gwajin ɗakin bincike, nazarin bibiya, da gwajin da ake raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a a ba wasu ƙarin sinadari a hana wasu. Inda suka saɓa, an fifita na ukun. Ma'aunin dalma a ko'ina cikin maƙalar shi ne maikrogiram a kowace desilita ta jini.

4.0 Nazari

4.1 Yadda Aka Kafa Sansanonin

Kogin Ibar ya raba Mitrovica gida biyu. Kafin 1999, a gaɓar kudu akwai unguwar Roma mai mutane kimanin 8,000, ɗaya daga cikin mafi girma a tsohuwar Yugoslabiya. Da yaƙi ya ƙare a Yunin 1999, wasu 'yan ƙabilar Albaniya da ke zargin mazauna unguwar da haɗa kai da Sabiyawa suka wawashe ta suka cinna mata wuta. Mafi yawan mutanen suka tsere zuwa wasu ƙasashe. Kimanin 600 daga cikin Roma da danginsu Ashkali da waɗanda ake kira Misirawan Balkan aka tsugunar a sansanonin Žitkovac da Česmin Lug da Kablare da Leposavić, kusan rabinsu yara ne. A lokacin, mulkin yankin yana hannun tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna UNMIK, bisa ƙuduri mai lamba 1244 na Kwamitin Sulhu.

Ukun farko suna daf da kamfanin haƙar ma'adinai na Trepča, wanda ma'aikatarsa ta Zvečan ta shafe kimanin shekara sittin tana narka dalma, ta bar tsibi-tsibin kashin maƙera da dattin ma'adinai a fili, iska na kwasar ƙurarsu tana watsawa. Hukuma ta san da haɗarin. A Agustan 2000 UNMIK da dakarun kiyaye zaman lafiya na KFOR suka rufe ma'aikatar, dalilin da suka bayar kuwa shi ne gurɓatar iska da dalma. A wannan shekarar wani rahoton cikin gida ya nuna yawan dalmar da ke jinin mazauna sansanonin, ya kuma ba da shawarar a kwashe su. Ba a kwashe su ba. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna jinin yaran, ta tarar wasu sun haura 65, wanda shi ne iyakar abin da na'urar tafi-da-gidanka ke iya karantawa, ta nemi a tashe su cikin gaggawa. Don a gane nauyin wannan adadi, tun 1991 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ɗauki 10 a matsayin matakin damuwa, ta sauko da ma'auninta zuwa 5 a 2012, sannan 3.5 a 2021.

Sai a 2006 aka ɗauki mataki, shi ma rabi da rabi. An mayar da mutanen Žitkovac da Kablare zuwa Osterode, tsohon barikin sojojin Faransa wanda ke 'yan taku kaɗan daga Česmin Lug, ƙarƙashin ƙurar tsibin nan dai. A can aka fara raba abinci mai gina jiki da ba wasu yara maganin tsamo dalma daga jini, amma shirin ya tsaya a 2007. An rufe Česmin Lug a 2010, Osterode a ƙarshen 2012, Leposavić kuma a 2013, bayan da Tarayyar Turai da hukumar raya ƙasashe ta Amurka suka ba da kuɗin sake gina gidaje a tsohuwar unguwar.

4.2 Mahaɗar Ƙarfe da Dalma a Jikin Yaro

Jikin ɗan'adam ba shi da wata ƙofa ta musamman da yake fitar da rarar ƙarfe, don haka yana daidaita shi ne tun daga mashiga. Idan ajiyar ta yi ƙasa, hanji yakan ƙara yawan sunadaran jigila domin ya kama duk abin da ya samu. Matsalar ita ce waɗannan sunadarai ba su iya tantancewa sosai tsakanin ƙarfe da dalma, ga shi kuma babu isasshen ƙarfen da zai yi gogayya da ita a bakin ƙofa. Wasu gwaje-gwajen ƙwayoyin hanji sun nuna dalma tana da wasu hanyoyin shiga ban da DMT1, saboda haka bai kamata a ɗauki wannan sunadari a matsayin cikakken bayani ba. Duk da haka, abin da aka gani a dabbobi da a yara ya zo ɗaya. Da ma can ƙaramin yaro yana zuƙar kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na dalmar da ya haɗiya, babba kuwa kimanin kashi 10. Cikin da babu abinci da ƙarancin sinadarin ƙashi suna ƙara wannan kaso. Shekarun da yaro ya fi buƙatar ƙarfe, daga wata shida zuwa shekara biyu, su ne kuma shekarun rarrafe da kai hannu baki. Ban da haka, ƙarancin ƙarfe yana da alaƙa da ɗabi'ar cin ƙasa, wadda a wuri irin Česmin Lug daidai take da cin dalma.

Bayan ta shiga, dalma tana takura wa enzayim biyu da ke haɗa jan sinadarin jini: ALAD a farkon aikin, da ferrochelatase wanda ke sanya ƙarfe a gurbinsa a ƙarshe. Sakamakon haka dalma da kanta tana haifar da ƙarancin jini idan ta yi yawa, kuma tana rage tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini. Wannan yana da muhimmanci ga mai bincike. Idan aka ga yaro a Mitrovica fatar idonsa ta yi fari, himogulobin ya sauka, ba za a iya cewa abinci ne sanadi ba sai an auna ajiyar ƙarfe ta hanyar feritin, shi ma feritin yakan hau idan akwai wata cuta a jiki, ya ɓoye ƙarancin. Haka gwajin ZPP, wanda aka daɗe ana amfani da shi saboda arharsa, yana hawa a cututtukan biyu ba tare da bambancewa ba. Duk nazarin da bai raba waɗannan ba yana iya ɗora wa abinci laifin da na dalma ne.

4.3 Abin da Gwajin Ƙuri'a Ya Nuna

Idan ƙarancin ƙarfe ne ke buɗe ƙofa, ai ba da ƙarfe ya kamata ya rufe ta. An gwada. A Bangalore ta Indiya, Zimmermann da abokan aikinsa sun ruwaito a 2006 cewa shinkafa mai ƙarin ƙarfe ta rage dalmar jinin 'yan makaranta masu ƙarancinsa. Wani gwajin biskit mai ƙarin ƙarfe a Maroko, wanda aka wallafa a 2016, ya sami raguwa shi ma. Amma a Torreón ta Meziko, garin da ke da babbar ma'aikatar narka ma'adinai kamar Mitrovica, Rosado da abokan aikinsa sun ba yara 602 ƙarfe ko zinki ko duka biyun ko ƙwayar da babu sinadari a cikinta har wata shida, ba a sami wata raguwa mai amfani da za a jingina wa ƙarin ba, ba a kuma ga ci gaba a gwajin basira ba. Akasarin yaran Torreón ba su da tsananin ƙarancin ƙarfe, kuma wannan yana cikin bayanin bambancin. Abin da za a fahimta shi ne, ƙarin ƙarfe yana taimakon yaron da da ma ke da ƙaranci, yana kuma rage abin da zai shiga nan gaba. Ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga. Dalma tana ɗaukar kimanin wata guda kafin rabinta ya bar jini, amma wadda ta zauna a ƙashi takan shafe shekaru gommai, tana komowa jini a hankali, musamman lokacin juna biyu da shayarwa. Yarinyar da ta girma a Žitkovac tana iya miƙa gubar ga ɗanta ko da ta haife shi a wuri mai tsabta.

Shi ma magani yana da iyakarsa. Gwajin da Rogan da abokan aikinsa suka wallafa a 2001, a kan yara 780 masu dalma tsakanin 20 da 44 a Amurka, ya nuna maganin succimer yana saukar da adadin a jini amma bai dawo da basirar da aka rasa ba. Shi ya sa jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce daga 5 a nemo tushen gubar a kawar da shi, maganin tsamowa kuma a tanade shi ga yaran da suka kai 45 zuwa sama, inda ake ƙoƙarin ceton rai da kare ƙwaƙwalwa daga kumburi. Ba da wannan magani ga yaron da zai koma cikin ƙurar kamar ɗiban ruwa ne da kwando. Masu aikin lafiya a Zamfara sun bi wannan ƙa'ida bayan annobar dalma ta 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara fiye da 400: ƙungiyar likitoci ta MSF ba ta fara ba yaran Bagega magani ba sai a 2013, bayan an soma kankare gurɓatacciyar ƙasar gidajen.

4.4 Amsa ga Masu Saɓani

Suka ta farko ita ce wadda UNMIK ta gabatar da kanta, cewa mazauna sansanonin suna fasa tsofaffin baturan mota suna narka dalmarsu don sayarwa, kuma wannan ne ya jawo musu cutar. Gaskiya ne wasu iyalai sun yi wannan sana'a, kuma gaskiya ne tana da haɗari ƙwarai, domin tana kawo hayaƙin har bakin ɗaki. Amma hujjar ta gaza ta fuska biyu. Binciken Jami'ar Columbia ya tabbatar da hauhawar dalma a jinin yaran Mitrovica na sauran ƙabilu tun shekarun 1980, waɗanda iyayensu ba su da wata alaƙa da fasa batir. Sannan mutumin da aka ƙone gidansa, aka ajiye shi inda babu aikin yi shekara da shekaru, shigarsa sana'ar jari-bola wani ɓangare ne na halin da aka jefa shi. Kwamitin Ba da Shawara kan Haƙƙin Ɗan'adam da ya saurari ƙarar mazauna sansanonin ya yi watsi da hujjar salon rayuwa, ya ce tana ɗauke da ƙyamar ƙabila.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma daga masana take fitowa. Suna cewa tashin al'umma yana cin kuɗi da lokaci, yana buƙatar fili da yardar 'yan siyasa, alhali ƙarin ƙarfe yana da arha, ana iya fara shi gobe. Me zai hana a fara da abin da ke hannu? Maƙalar ba ta musun a fara. Binciken 1992 ya nuna ƙarancin ƙarfe cuta ce mai zaman kanta da ke taɓa ƙwaƙwalwa, don haka warkar da ita wajibi ne ko da babu dalma. Inda matsalar take shi ne lokacin da matakin wucin-gadi ya zama madadin na dindindin. Tarihin Osterode ya nuna haka: an raba abinci da magani, aka ba duniya hoton cewa ana aiki, shirin ya tsaya bayan kimanin shekara guda, yaran kuma suka ƙara shekara biyar a wurin. A matakin da ya haura 65, ko da ƙarin ƙarfe ya rage zuƙar da rabi, abin da ya rage yana nan a cikin yankin haɗari.

Suka ta uku ita ce Mitrovica lamari ne na bayan yaƙi, bai dace a gina hukunci a kansa ba. Amma an ga irinsa a lokacin zaman lafiya. A Disambar 2010 hukumomin Cluj-Napoca a Romaniya suka tashi iyalan Roma daga titin Coastei suka kai su Pata Rât, gefen bolar birnin. A 2012 a Baia Mare aka mayar da wasu cikin ginin tsohuwar masana'antar tagulla ta Cuprom. A Rudňany ta Slobakiya akwai matsugunin da ke kan tsohon filin haƙar ma'adinai. Nau'in gubar ya bambanta daga wuri zuwa wuri, amma hanyar zaɓen filin iri ɗaya ce.

4.5 Matsayin Alhaki

A 2006 aka kai ƙara Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan'adam, ta ce ba ta da hurumi a kan UNMIK. A 2011 ofishin shari'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙi karɓar buƙatar diyya. Sai a 2016 Kwamitin Ba da Shawara kan Haƙƙin Ɗan'adam, a ƙarar da mutum 138 suka shigar, ya yanke cewa UNMIK ta take haƙƙinsu na rayuwa da na lafiya da na kariya daga wariya, ya ba da shawarar a nemi afuwarsu a bainar jama'a, a kuma biya su diyya. A Mayun 2017 Babban Sakatare António Guterres ya bayyana takaici, ya sanar da kafa asusun taimakon sa-kai don ayyukan al'umma, ba tare da diyya ga ɗaiɗaikun mutane ba. Gudummawar farko da ta shiga asusun ta zo ne a 2019 daga ƙasar Qatar, dalar Amurka 10,000.